Lamba mai zafi, lamba mai sanyi: abin da lissafi ya ce game da cacar loto

Matanin jawabin da aka shirya domin ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati na Dogon Kiriya da kewaye, a ƙasar Arewa.

Batun da za a tattauna a kansa yau shi ne wata takarda. Duk wanda ya taɓa zuwa cin rani Legas, ko Kwatano, ko Lome, ko Ankara ta ƙasar Gana, ya san ta. Samarin Arewa da dama sun komo gida da ita cikin aljihu, kuma a yanzu ta bar aljihu ta shiga wayar salula. Takarda ce cike da layukan lambobi, kowane layi lambobi biyar, wato sakamakon cacar loto na makonni da watannin da suka shige. Mai ita yakan zauna da bik a hannu, yana zagaye wannan lamba, yana ja wa waccan layi, da natsuwar da ko ɗan lakwal mai shirin jarrabawa bai kai ba. In aka tambaye shi abin da yake nema, sai ya ce hanyar da lambobi ke bi.

Masu wannan nazari sun kasu gida biyu. Na farko suna bin lambar da suke kira mai zafi, wadda ta fi sauran yawan fitowa, suna cewa ƙafarta ta saba da hanya. Na biyu suna bin mai sanyi, wadda ta daɗe ba a gan ta ba, suna cewa ta nuna, saura kaɗan ta faɗo. Takarda ɗaya suke dubawa, amma abin da ɗaya ya ce a saya shi ne ɗayan ya ce a guje wa. Ya kamata wannan kaɗai ya sa mai hankali ya dakata. Sai dai akwai abin da ba za a yi musu gardama a kansa ba: gaskiya ne wasu lambobi sun fi wasu yawan fitowa a takardar. Idonsu bai ruɗe su ba. Tambayar ita ce daga ina bambancin ya fito, kuma ko yana da abin da zai faɗa game da gobe.

Irin cacar da ta fi bazuwa a Afirka ta Yamma ita ce ta lambobi 90 da ake fidda 5 daga cikinsu. Ita ake yi a Gana, wadda ta kafa ma'aikatar loto ta ƙasa tun 1958, ita ce kuma wadda mutanen Nijeriya ke kira Baba Ijebu. Asalinta birnin Jenowa ne na ƙasar Italiya, a ƙarni na 16 da na 17, inda ake fidda sunayen mutum biyar ta hanyar ƙuri'a domin shiga majalisar birni. Jama'a suka riƙa cin amana da kuɗi a kan sunan da zai fito, daga baya aka ajiye sunaye aka sa lambobi. Ashe caca da siyasa uwarsu ɗaya, abin da ba zai ba ma'abota jarida mamaki ba.

Ƙwallaye 90 ake zubawa cikin na'ura, girmansu ɗaya, nauyinsu ɗaya, a gauraya, a fidda 5. A kowane zagaye, wanda ƴan boko ke kira tiraj, rabon kowace lamba 5 ne cikin 90, wato ɗaya cikin 18. Bayan an gama sai a mayar da ƙwallayen duka, zagaye na gaba a sake daga farko. Ƙwallo roba ne, ba shi da kunne, ba shi da littafin ajiye tarihi. Bai san jiya ya fito ba, bai kuma san wani ya jinginar da gonarsa dominsa ba.

Mai sauraro zai ce, in dai rabon kowace lamba ɗaya ne, ai kamata ya yi su fito daidai wa daida. Nan ne kuskuren yake, kuma ana iya gwada shi a nan Dogon Kiriya ba tare da an kashe ko dala ba. A haƙa gurabun dara uku kusa da juna, kowane da gurbi 30, su zama 90. A ƙidaya ƙwayar wake 900, a rufe wa yaro ido, ya riƙa watsa su har su ƙare cikin guraben. In an raba 900 gida 90, rabon kowane gurbi 10 ne. Amma in aka duƙa aka ƙidaya, guraben da suka samu 10 cif ba za su fi 12 ko makamancin haka ba. Za a tarar da mai 7, da mai 13, da wani da ya tara 17 ko 18, da wani matalauci mai 3 ko 4. Yaron bai san gurabu ba, wake bai zaɓi wurin faɗawa ba, ba a kuma yi wa kowane gurbi asiri ba. Da a ce an duba an tarar kowane gurbi na da 10 daidai, to a nan ne za a kama kunnen yaron, domin ya leƙa.

Wannan wake 900 shi ne zagaye 180 na loto, tun da kowane zagaye lambobi 5 ne. Saboda haka duk takardar da ta tara sakamakon zagaye 180 tilas a samu cikinta lambar da ta fito wajen sau 18, da wadda ba ta wuce sau 3 ko 4 ba. Rashin samunsu shi ne abin mamaki. Mai bik ya zagaye ta farko ya ce mai zafi, ya zagaye ta biyu ya ce mai sanyi, alhali abin da ya gano bai wuce gurbin da wake ya fi taruwa ba. A kwashe waken a sake watsawa, wani gurbin dabam ne zai cika.

Masana lissafi sun auna girman wannan bambanci tun da daɗewa. Wani Basuwise mai suna Yakubu Barnuli, a littafinsa da aka buga a 1713 bayan rasuwarsa, ya tabbatar da abin da ake kira ƙa'idar manyan lambobi. Mutane da yawa sun ji sunan ƙa'idar, kaɗan ne suka fahimce ta, kuma rabin sani a nan ya fi jahilci tsada. Ga abin da take nufi. Bayan zagaye 1.800, rabon kowace lamba 100 ne. Ta gaba za ta kai wajen 124, ta baya ta tsaya wajen 76. Bayan zagaye 18.000, rabon kowace lamba 1.000 ne, ta gaba wajen 1.075, ta baya wajen 925. A lura da kyau. Tazarar da ke tsakanin ta gaba da ta baya ta tashi daga 14 zuwa 48 zuwa 150, wato ƙaruwa take yi. Abin da ke raguwa shi ne nauyin tazarar in an gwama ta da jimilla: da farko ta gaba ta zarce rabonta da kashi 80 cikin 100, sannan kashi 24, sannan ƙasa da kashi 8. Ɗan kasuwar da aka yi wa ƙwauron tiya biyu a buhu guda zai ji zafi. In ya ci gaba da saye har ya tara buhu ɗari, tiya biyun nan ba su dawo ba, sun dai nitse cikin yawa. Haka lambar da aka bari a baya: ba wanda ke biyan ta bashi, kuma ƙa'idar Barnuli ba ta yi mata alkawarin komai ba.

Sai batun lamba mai sanyi, wadda ta fi cin dukiyar mutane. Tun da rabon fitowa ɗaya ne cikin 18, rabon rashin fitowa 17 ne cikin 18. In aka ninka wannan sau 50, za a ga cewa yiwuwar wata lamba ta yi zagaye 50 a jere ba ta fito ba ta kai kusan 6 cikin 100. Lambobin kuwa 90 ne. Ma'ana, a kowace ranar Allah da aka buɗe takarda, za a tarar da lambobi wajen biyar da suka yi zagaye 50 ko fiye a ɓoye. Kullum akwai su, kamar yadda kullum akwai wanda ya fi kowa tsawo a kasuwa. Kuma a zagaye na 51 rabon kowace ɗaya daga cikinsu yana nan inda yake, ɗaya cikin 18, daidai da na lambar da ta fito jiya.

Mutanen Italiya, waɗanda suka haifi wannan caca, su ne suka biya kuɗin karatu mafi tsada. A cacar birnin Banis, lamba 53 ta fito a watan Mayu na 2003, sai ta ɓace. Wata ya bi wata, jaridu suka ɗauki labari, jama'a suka yi ta zuba kuɗi da imanin cewa ta nuna. Wasu suka ci bashi, wasu suka jinginar da gidaje, wasu suka taɓa kuɗin wurin aiki, har aka samu waɗanda suka kashe kansu. Lambar ba ta fito ba sai ranar 9 ga Fabrairu 2005, bayan zagaye 182, an kuma ƙiyasta kuɗin da aka zuba mata sun kai wajen yuro miliyan dubu uku da rabi. Da ta fito, masu cewa ta nuna suka ce ai mun faɗa. Sun faɗa kam, amma sun faɗa a zagaye na 60, da na 100, da na 150, kuma da yawansu ba su kai ranar da sauran kuɗi a hannu ba.

Dalilin karyewarsu lissafi ne mai sauƙi. Cacar Italiya tana biyan ninki 11 da ɗoriya kaɗan a kan lamba guda. Wanda ya sa dala ashirin sau goma sha ɗaya bai ci ba, daga nan dala ashirin ba za ta ƙara fanshe hasararsa ba. Tilas ya riƙa ƙara kusan kashi ɗaya cikin goma a kowane zagaye. Ƙarin kamar ba komai, amma haihuwa yake yi. Bayan ƙarin zagaye ɗari, abin da zai sa a zagaye guda ya haura sefa miliyan ɗaya. Wanda ya fara da kuɗin goro ya ƙare da kuɗin gida, duk don ya komo inda ya tashi.

Wannan tunani ya girmi loto, ya kuma wuce ta. A gidan cacar Monte Karlo, ranar 18 ga Agusta 1913, ƙwallo ya faɗa kan baƙi sau 26 a jere, mutane suka yi ta hasara suna bin ja, wai lokacinsa ya yi. A nan gida ma ana jin magidanci mai ƴaƴa mata huɗu yana cewa na biyar lalle namiji ne. Cikin kowane gida 16 masu ƴaƴa huɗu, kimanin guda ne za a samu duka mata, guda kuma duka maza. Haihuwa ta biyar kuwa rabonta yana nan kusan rabi da rabi, ikon Allah, ba ta duba waɗanda suka riga ta.

Akwai kuma alamomin da masu takarda ke kira sirri: lambobi biyu maƙwabta, kamar 34 da 35, sun fito tare, ko lambar da ta fito jiya ta sake fitowa yau. Kafin a je ga lissafinsu, a ɗauki misalin da kowa ya sani. Kwanakin mako bakwai ne, kuma Bahaushe yana raɗa suna da ranar haihuwa. A tsayar da mata bakwai na farko da suka shigo kasuwa, a tambayi kowace ranar da aka haife ta. Zuciya za ta so a samu Ladi, da Tani, da Talatu, da Balaraba, da Lami, da Jummai, da Asabe, kowace rana da tata. Lissafi ya ce hakan ba ya faruwa sai sau 6 cikin 1.000. A sauran 994 za a samu rana da ta maimaitu, da ranar da ba kowa. Arashi ya fi yawa fiye da yadda zuciya ke tsammani. A cacar 5 cikin 90, zagaye ɗaya cikin biyar yana ɗauke da lambobi biyu maƙwabta, zagaye ɗaya cikin huɗu kuma yana maimaita aƙalla lamba guda daga wanda ya gabace shi. Abin da ke faruwa sau ɗaya cikin huɗu ba ya buƙatar boka.

Wani lokaci arashin yakan yi girman da zai tayar da ƙasa. A Bulgeriya, a watan Satumba na 2009, lambobi shida, wato 4, 15, 23, 24, 35 da 42, sun fito ranar 6 ga wata, suka sake fitowa su duka ranar 10. Gwamnati ta sa aka yi bincike, ba a samu maguɗi ba. A Afirka ta Kudu, ranar 1 ga Disamba 2020, lambobin da suka fito su ne 5, 6, 7, 8, 9 da 10, jama'a suka yi ca suna neman a bincika. Amma jerin 5, 6, 7, 8, 9 rabonsa ɗaya da na kowane jeri da ido bai ga kyansa ba. Mutum ne ya san 6 na bin 5, na'ura ba ta yi lakwal ba. Kuma in aka tuna yawan gidajen loto a duniya, da yawan zagayen da suke yi shekara da shekaru, to abin da ke da wuya a gida ɗaya rana ɗaya ya zama tilas a wani gida wata rana. Abin lura a labarin Afirka ta Kudu shi ne mutum 20 ne suka ci, suka raba. A Filifin kuwa, ranar 1 ga Oktoba 2022, da lambobin 9, 18, 27, 36, 45 da 54 suka fito, mutum 433 ne suka raba kuɗin. Tsarin da ke cikin loto a kan mutane yake, domin dubban mutane dabara iri ɗaya suke yi, kowa na ganin shi kaɗai ya gano ta.

To yaya ake yi wani mai hasashe, ko wani boka, ya ba da lamba ta kuma fito? Yana faruwa, kuma ga yadda. Rabon lambobi biyu su fito tare ɗaya ne cikin 400. Mutumin da ya raba wa mutum 400 lambobi biyu-biyu dabam-dabam, to a kowane zagaye yana sa ran guda ya ci. Wanda ya ci zai yanka rago, ya kawo tukuici, gari ya ɗauka. Sauran 399 kunya ta rufe musu baki, in ma sun koma a ce musu ba su cika sharaɗi ba. Tambayar da ba a cika yi wa mai sayar da lamba ba ita ce, me ya hana shi sa nasa kuɗin ya huta da jiran tukuici? Ƙasar Hausa ta yi masana lambobi na gaske. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi kan yadda ake tsara hatimin lambobi, wanda kowane layinsa ke ba da jimilla ɗaya, har yau masana tarihin lissafi na ambatonsa. A hatimi akwai ƙa'ida, wanda ya san ta zai cika gurbin da ya rage ba tare da kuskure ba. Na'urar loto an ƙera ta ne takanas domin kada a samu irin wannan ƙa'ida a cikinta.

Yanzu sai lissafin da ƴan kasuwa suka fi kowa iyawa. Gidajen loto na Gana da Nijeriya sun saba biyan ninki 240 ga wanda lambobinsa biyu suka fito. In an mayar da shi kuɗin sefa, dala ashirin ta jawo jika 24, abin da ke da daɗin ji. Amma cikin lambobi 90 ana iya haɗa biyu-biyu har iri 4.005. A ce wani attajiri ya rantse sai ya ci, ya saye su duka a kan dala ashirin-ashirin: ya kashe sefa 400.500. Lambobi 5 da za su fito suna ba da haɗi 10, saboda haka ya ci sau goma, an biya shi sefa 240.000. Ya ci, amma ya koma gida da giɓin sefa 160.500. Wannan giɓi shi ne ribar gidan caca, kashi 40 cikin 100, kuma ba ya sauyawa ko an bi mai zafi, ko mai sanyi, ko lambar mota, ko ta mafarki. A haɗin lambobi uku abin ya fi muni: rabo ɗaya cikin 11.748, biya kuwa ninki 2.100. Wane ɗan kasuwa ne zai sayi buhu a jika goma alhali ya san a jika shida zai sayar, ya kuma koma gobe ya ƙaro? Ma'aikacin da ke sa dala ɗari kullum, a shekara ya zuba sefa 182.500, abin da lissafi ya ce zai bari a can ya kai jika 73. Buhun hatsi nawa ke nan, ƴan kasuwar da ke zaune a nan sun fi kowa sani. Waɗanda suka yi aiki a shekarun 1990, lokacin da albashi ke yin watanni bai zo ba, ga kuma karyewar darajar sefa ta Janairun 1994, sun san yadda matsi ke sa ɗan guntun tikiti ya yi kama da ƙofa. Ba wauta ce ke kai mafi yawan mutane wurin ba, ƙunci ne, shi ya sa ba a zo nan don a yi wa kowa dariya ba.

A Nijar, abin da aka fi sanin kamfanin gwamnati na LONANI da shi shi ne PMU, cacar sukuwar dawakin Faransa. Ita tana da ɗan bambanci, domin doki ba ƙwallo ba ne: wani ya fi wani gudu, kuma tarihinsa na da ma'ana. Sai dai tarihin nan a takarda ɗaya kowa ke karanta shi, kuma kuɗin da aka tara ake rabawa bayan kamfani da baitulmali sun cire nasu. In dokin da kowa ya sani ya ci, rabon kowa ya zama cikin cokali. In kuwa dawaki 18 suka fita, hanyoyin da uku na farko za su iya jeruwa sun kai 4.896.

Hukuncin addini a kan caca malamai sun fi cancanta su yi bayaninsa, kuma a bayyane yake cikin aya ta 219 ta Suratul Baƙara da ta 90 ta Suratul Ma'ida. A maƙwabta, a watan Nuwamba na 2024 kotun ƙolin Nijeriya ta yanke cewa jihohi ne ke da ikon tsara harkar caca, Hisbar Kano kuma ta rufe shagunan caca da dama a wannan shekara. Abin da ya kamata a bambance shi ne caca dabam, ƙuri'a dabam. Alƙur'ani ya ba da labarin ƙuri'ar da aka yi kan wanda zai riƙi Nana Maryamu, hadisi kuma ya nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin iyalinsa in zai yi tafiya. Ƙuri'a hanya ce ta raba abu tsakanin masu haƙƙi ɗaya ba tare da son kai ba, kuma a nan ne wannan ilimi yake da amfani ga wanda bai taɓa sayen tikiti ba. Domin wanda ya san kamannin sa'a ta gaskiya shi ne zai gane ranar da aka sa mata hannu.

Ana sa hannun kuwa. A jihar Fensilbeniya ta Amurka, ranar 24 ga Afrilu 1980, wasu ma'aikata sun ɗura fenti cikin ƙwallaye domin su yi nauyi, suka bar 4 da 6 kaɗai da sauƙinsu. Lamba 666 ta fito. Abin da ya tona su shi ne yawan kuɗin da aka zuba a ranar kan haɗin 4 da 6, mai gabatar da shirin a talabijin, Nick Perry, ya ƙare a gidan kaso. Wani lokaci kuma sakaci ne kawai. A Disamba 1969 Amurka ta yi ƙuri'ar ɗaukar samari soja domin yaƙin Biyetnam, da ranakun haihuwa 366. An zuba su wata bayan wata, ba a gauraya sosai ba, sai waɗanda aka haifa a ƙarshen shekara suka fi fitowa da wuri. Misali mafi kusa da matasan nan shi ne ƙuri'ar bizar Amurka: a watan Mayu na 2011 an soke sakamako bayan an riga an sanar da wajen mutum 22.000 cewa sun dace, domin an gano fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda kwamfuta ta zaɓa sun yi rajista ne a kwana biyun farko. Aka sake ƙuri'ar.

Ma'aunin da ake rarrabe bambancin sa'a da na maguɗi ba shi da wuya. A ɗauki rabon da ake sa ran kowace lamba ta samu, a nemi tushensa, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da shi. Tushen 100 shi ne 10. To mafi yawan lambobi za su tsaya tsakanin 90 da 110, kaɗan su kai 120 ko 125. Wadda ta kai 150 ta yi nisan tushe biyar, a nan sai a nemi ma'auni a auna ƙwallon.

Ma'aunin yana aiki ta ɗayan gefen ma, kuma wannan ya shafi ma'aikata. Mutum ba ya iya ƙirƙirar sa'a. In mushe ya ce wa ɗalibi ɗaya ya jefa kwabo sau 100 ya rubuta, ɗayan kuma ya ƙaga sakamako daga kansa, da kallo ɗaya za a gane na ƙarya: a jifa na gaskiya, sau 8 cikin 10 akan samu fuska ɗaya ta zo sau shida a jere, mai ƙagawa kuwa tsoro yake ji ya rubuta ko huɗu. Ƙarya ta cika son tsabta. Da wannan dabara wasu masana biyu, Bernd Beber da Alexandra Scacco, a binciken da suka wallafa a 2012, suka duba lambobin ƙarshe na sakamakon rumfunan zaɓe. A na ƙasar Suwidin lambobin 0 zuwa 9 sun bazu yadda ake sa rai. A na jihar Filato ta Nijeriya a zaɓen 2003 ba su bazu haka ba. Irin wannan alama ba ta isa hujja a gaban alƙali ba, amma tana nuna akwatin da ya kamata a buɗe. Haka yake ga kundin haraji, da jerin sunayen masu karɓar taimakon abinci, da rasit ɗin man fetur.

A nan ƙasar Arewa ana yin ƙuri'a fiye da yadda ake lura: wa zai fara kwasar adashi, wa zai samu rumfa a bakin hanya in an sake tsara kasuwa, wa zai samu fili in masu nema sun fi filaye yawa, wa zai samu buhun taki in bai isa ba. Wanda ya fito na ƙarshe sau biyu a jere cikin adashin mutum goma zai yi ƙorafi, alhali hakan na samun wani daga cikinsu sau ɗaya cikin goma. Abin da ya cancanci a sa wa ido yana gaban fidda takarda. A karanta sunayen da ƙarfi, a ƙidaya su gaban kowa kafin a zuba. Takardun su zama girma ɗaya, naɗi ɗaya, daga kaye ɗaya aka yage su, domin yatsa na gane takarda mai kauri ko da ido a rufe. A zuba cikin tulu mai zurfi maimakon faifai, a girgiza har sai na ƙasa sun hau sama, kada a maimaita abin da ya faru a 1969. Wanda ya rubuta sunayen kada ya zama shi ne mai fiddawa. Bayan an gama kuma a zazzage sauran takardun a buɗe su ɗaya bayan ɗaya, a tabbata sunan kowa yana ciki, kuma sau ɗaya.